Katin Ƙungiya da Gidan Baba Haruna

Sai da na sauka Makka na san cewa ni direba ne. A Kano duk wanda ya san ni a Ɗorayi da dillancin gidaje ya san ni, sana'ar da na gada a wurin mahaifina, kuma da sunanta ejan ɗin da ya yi min hanya ya cinye kuɗin filina. Ya ce akwai ofishin gidaje da ke neman mai irin hannuna. Ofishin kam akwai shi, a nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya ƙi gaya min shi ne baƙo ba ya dillancin gida a ƙasar, aikin 'yan ƙasa ne. Da aka miƙo min iƙama, wato katin izinin zama, na ga an rubuta direba, na kira shi. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga.

Masaukina ɗaki ne a saman gidan gasa burodi a unguwar Zahir. Tanda na hura mu ta ƙasa, ranar Makka na dukanmu ta sama. Abokan kwanana 'yan Bangaladash ne, mutanen kirki, ba su taɓa cin abinci ba su ce min bismilla ba. Amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da Larabcin da muka taru muka karya. Ni kuwa mutum ne mai baki, da shi nake ci tun ina saurayi. A gida idan na zauna a bencin ƙofar shagon tela sai an kore ni nake tashi. A nan sai in wuni ban furta kalmar Hausa ba, in ban da abin da nake faɗa wa kaina a mota.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Idan na kira matata Rabi na fara cewa zaman nan da wuya, sai ta ce, "Haba maigida, kai da kake ganin Ka'aba duk Juma'a?" Gaskiyarta ce, sai in haɗiye maganar. Ina zuwa Harami kuwa, in tsaya cikin dubban mutane kafaɗa da kafaɗa, a sallame kowa ya kama hannun nasa ya tafi, ni in nemi takalmina. Kaɗaicin cikin taro ya fi na ɗaki zafi, kuma na ɗanɗana su duka.

Maigidana, wanda iƙamata ke hannunsa, sunansa Usman, amma kowa Abu Faisal yake ce masa. Ɗan ƙasa ne, a Makka aka haife shi, kakansa ne ya taho daga Haɗejiya a ƙafa. Hausarsa ta faɗa ce da ta abinci. Idan ransa ya ɓaci ko ya ga tsire sai ta zo masa, sauran lokaci Larabci yake yi yana jefa Hausa jifa-jifa. Ba mugu ba ne, mai tsoron asara ne kawai.

Sana'ar ofishinsa ita ce gidajen gwanjo. Mutum ya jinginar da gidansa ya ci bashi, ya kasa biya, kotu ta sa a sayar. Aikin dillali shi ne ya ji labarin gidan da wuri, ya nemo mai saye, ya kai shi ya gani, in gwanjon ya faɗa wa mutuminsa ya karɓi la'ada. Ni nawa tuƙi ne, amma idona na dillali ne, ina ganin tsagewar bango tun daga bakin titi, kuma Abu Faisal bai daɗe ba ya gane haka. Matsalarmu ɗaya, kullum mu ne na ƙarshen ji. Kafin mu isa gida wasu sun riga sun kai masu sayensu sun auna har banɗaki.

Wata rana muna dawowa hannu rabbana ya ce, "Ya Sa'idu, in iƙamarka ta ƙare kasuwa tana haka, wallahi ba zan iya sabuntawa ba. Halas, shi ke nan, sai ka koma gida."

Na ci gaba da tuƙi ina lissafi. In koma in ce me? Filin da na sayar shi ne kaɗai abin da mahaifina ya bar min. Rabi da yara suna gidan haya suna jiran in dawo da abin gina wani.

Amfanin zama direba shi ne kana jira tare da direbobi, su kuwa babu abin da ba su sani ba. Wani direba ɗan Sudan ne ya nuna min cewa duk dillalan da ke riga mu isa suna rataye da kati iri ɗaya a wuya. Ya ce ƙungiya ce ta dillalan gidajen gwanjo, ba dole ba ce, kuɗi ake biya duk shekara a shiga. Tun daga ranar na sa Abu Faisal a gaba.

"Kuɗin banza ne," in ji shi. "In biya su su ba ni shinkafa da rago wata-wata? Ina da shinkafa a gida."

"Yallaɓai, ba shinkafar za ka saya ba, wurin zama za ka saya."

"Lasisina na gwamnati ne. Me katinsu zai ƙara min?"

"Lasisi ya ba ka izinin sayarwa, bai gaya maka inda gidan yake ba."

Na yi ta yi masa naci kamar mai tallan maganin basir, a mota, a ofis, har a ƙofar masallaci. Ranar da ya biya, ya wuni bai yi min magana ba.

Mutane suna tambayata yanzu, ko a nan gida, wai shiga irin wannan ƙungiya da kuɗi tana da amfani? Da farko ni ma na ɗauka na jefa mutumin a rami. Abin da muka samu takardar shaida ce mai firam, da zauren waya da ba a komai cikinsa sai barka da haihuwa da ta'aziyya, da wata lacca da aka tara su wani mai gilashi ya karanta musu dokoki. Abu Faisal yana fitowa ya kalle ni ya ce, "Mabruk, barka, ya Sa'idu, mun sayi firam."

Taron wata-wata a wani gidan shaƙatawa ake yi bayan la'asar, can bayan gari ta wajen Muzdalifa. Ni ba mamba ba ne, ba zan taɓa zama ba, don haka a waje nake jira. Wanda bai ga Muzdalifa ba sai lokacin aikin Hajji ba zai yarda ba, fili ne fetal, fitilu a tsaye, ba kowa sai iska da ledoji. Nan nake zama a kan mota ina jin dariyarsu ta tsallako katanga. Idan sun gama a turo mana ragowar tire, mu direbobi mu zagaye shi. Ni da na kawo shawarar shiga, rabona ke nan a ƙungiya.

Amma a cikin wannan cin shinkafar amfanin yake. Wani ya sunkuyo ya ce maka gidan wane zai fito wata mai zuwa. Wani yana da gida ba shi da mai saye, kai kana da mai saye ba ka da gida, sai ku raba la'ada. Su ma waɗanda kotu ke ba wa aikin sayarwa sun fi son kiran mai kati, don in ya yi ba daidai ba sun san inda za su kai ƙararsa. Kafin wani lokaci muka fara isa gida kafin ƙura ta tashi. Abu Faisal ya sayi sabuwar kujera, ya fara ce min "ya ustaz" cikin zolaya. Katin bai taɓa sayar mana da gida ba, amma ya shigar da mu inda ake magana. Abin da ban lissafa ba shi ne wanda ya karɓi kuɗinka ya ba ka kati, ya kuma ɗaura maka igiya. Cikin dokokinsu akwai wadda ta ce mamba ko yaronsa ba ya magana da mai gidan da ake gwanjonsa, sai dai a kan lokacin kawo masu dubawa. Dokar tana da dalili, an sha samun dillalan da ke tsorata masu gida ko su haɗa baki da su a ɓata ciniki. Na ji ta, na kuma fahimce ta.

Gwanjon farko da na gani da idona a waya aka yi shi. Muna zaune a ofis, lambobi suna hawa a fuskar waya, can suka tsaya. Abu Faisal ya tafa hannu ya ce an sayar.

Na ce, "Wa ya sallama?"

Ya ce, "Wa zai sallama? Lokaci ne ya cika."

A wurinmu ba haka ake sayar da gida ba. Dillali ya zaunar da mai gida da mai saye, wannan ya taya, wancan ya ƙi, a yi ta ja har mai gida ya buɗe baki da kansa ya ce na sallama. Sannan dillali ya kama hannayensu ya haɗa, a yi addu'a a shafa. Kafin wannan kalmar babu ciniki, ko an ƙirga kuɗi an sa hannu. Na taɓa ganin mahaifina ya mayar da la'adarsa saboda wata gwauruwa ta yi shiru lokacin da 'yan'uwan mijinta suka sayar, ya ce shi bai ji bakinta ba. Da na ba Abu Faisal wannan labarin ya yi dariya ya ce kakansa ma haka yake, amma nan kotu ce ke sallamawa.

Ana haka gidan wani tsohon Bahaushe, Baba Haruna, ya zo hannunmu, a nan cikin Zahir, a wani lungu bayan kasuwa. Gida ne mai hawa biyu da aka gina ɗaki-ɗaki, kana ganin inda kowane zubin bulo ya tsaya aka jira kuɗi. Maƙwabta suka ce tsohon ya yi rayuwarsa yana hidimar alhazai a Mina, tun yana ɗaukar kaya har ya zama mai jagora. Ɗansa ne ya lallaɓe shi aka jinginar da gidan ya sayi motocin jigilar alhazai, harkar ta rushe.

Ranar farko da na kai masu dubawa na same shi zaune a soro kan darduma, siriri, gemu fari tas. Bakina ya riga ni, na ce, "Salamu alaikum, sannu da hutawa Baba."

Ya ɗago a hankali. "Wa alaikumus salam. Ɗan wane gari?"

"Kano, Baba."

"Ɗan wa a Kano?"

Tun da na zo ƙasar babu wanda ya tambaye ni sunan mahaifina sai masu cike takarda. Na faɗa masa. Bai san shi ba, shi da aka zo da shi Makka a goye, amma ya maimaita sunan, ya ce Allah ya jiƙansa. Na juya na bi masu saye sama don kada ya ga idona.

Na yi ta kawo mutane gidan. Su shiga da takalmi, su buɗe kabad, su ƙwanƙwasa bango, matan gidan suna ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki don ba su hanya. Tsohon bai taɓa ɗaga murya ba. Duk zuwan da na yi sai an miƙo min kunun tsamiya a kofin silba, in sha a tsaye. Ba ma maganar gida, sai ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Kano, ko an yi ruwa bana. Na fara ƙirƙiro dalilin wucewa ta lungun. Abin kunya ne a ce mutumin da nake kawo wa masu raba shi da gidansa shi ne kaɗai ɗan'uwana a garin, amma haka abin yake.

Gwanjon ya faɗa wa mutuminmu, wani ɗan kasuwa daga Jidda da ke son mayar da gidan masaukin masu umara. La'ada mai kauri ta shigo. Abu Faisal ya dafa kafaɗata ya ce mako mai zuwa zai fara sabunta min iƙama. Abin da nake roƙo ke nan a kowace sujada, ya kamata in yi murna. Amma abinci ya ƙi shiga. Na ci daga cinikin gidan da mai shi bai ce uffan ba, kuma na sha kununsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi gidan Baba Haruna. Kayan gidan suna ɗaure a tsakar gida, katifu, tukwane, keken ɗinki. Yana soro inda ya saba zama. Na durƙusa.

"Baba, ba aiko ni aka yi ba. Na san kotu ta gama, maganata ba za ta mayar da komai ba. Amma ni ɗan dillali ne, ban iya cin la'adar gidan da ban ji bakin mai shi ba. Na zo in ji ko ka sallama."

Ya daɗe yana kallona har na fara nadamar zuwa. Ya ɗaga kai ya bi rufin soron da ido, ya shafa bangon da ke bayansa da tafin hannu.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "tun da aka fara wannan abu, alƙali ya yi magana da banki, banki ya yi magana da ɗana. Ni ana wuce ni kamar randa. Kai kaɗai ka tambaye ni."

Na gyara durƙusona.

"Wannan soron da hannuna na ɗora shi, shekarar da uwar yaran ta rasu. Da jiya ka zo da ban ba ka ba." Ya numfasa. "Bashi gaskiya ne, mun ci. Mutumin bai sace ba, saya ya yi. Na sallama. Allah ya sa ya ji daɗin kwana a ciki."

Ya miƙo hannu, na kama. Ya riƙe ni gam ya ce, "Tun da mai sayen ba ya nan, riƙe masa. Ka kai masa, amana ce."

Muka shafa addu'a mu biyu. Na fito lungun ƙafata ba nauyi, rabon da in ji haka tun ina gida.

Ranar miƙa makulli na kai Abu Faisal da mai sayen. Gidan ya zama kango, muryarmu tana amsawa. Da Abu Faisal ya hau sama duba mita, na matsa kusa da mutumin, na haɗa Larabcina wuri ɗaya, na miƙa masa hannu. Na ce mai gidan ya ce a gaya maka ya sallama, ya kuma yi maka addu'a.

Bai karɓi hannun ba. "Wane mai gida? Ni ne mai gida."

"Tsohon da ya gina shi."

"Wa ya aike ka wurinsa? Me kuka ƙulla? Yana da wata da'awa ne?"

Na yi ƙoƙarin bayani, amma yaya za ka fassara wa mutum abin da babu shi a duniyarsa, da Larabcin direba? Duk abin da na faɗa ƙara masa zargi yake. A ganinsa in har tsoho yana da abin da zai sallama, to akwai abin da bai sallama ba da farko, kuma wata rana lauya zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hannuna yana miƙe har na gaji na sauke. Kafin magariba ya kai ƙara ƙungiya.

Masu cewa wauta na yi ban hana su ba. Ni dai amana aka ba ni, kuma a gidanmu ba a kwana da ita.

Kwamitin ladabtarwa ya kira Abu Faisal, ni ko kirana ba a yi ba, don a takarda direba ba ya cikin magana. Na jira shi a mota kamar kullum. Da ya fito bai zauna gaba ba, baya ya shiga.

"Sun ce ko su dakatar da ofis su sanar da kowa dalili, ko in raba gari da kai."

"Yallaɓai, ka gaya musu yadda abin yake?"

"Na gaya musu. Sun ce doka doka ce." Ya kalli taga. "In suka cire ni, ya Sa'idu, ba wanda zai sake kirana. Kai ka san yadda muke kafin mu shiga. Kai ka ce in shiga."

Wannan gaskiya ce. Na tuƙa shi gida. Maimakon sabunta iƙama, takardar fita ba dawowa aka buga min. Ya biya ni haƙƙina bai rage ko sisi ba, amma haƙƙin direba ba ya sayen fili a Ɗorayi. Na nemi Baba Haruna in yi masa sallama, maƙwabta suka ce sun koma wurin wata 'yarsa, ba wanda ya san unguwar. 'Yan ɗakinmu suka haɗa min dabino da turare a leda. Na yi ɗawafin bankwana ni kaɗai. Rabi kuwa na ce mata ina nan tafe, ban ce mata na dawo ke nan ba.

Ranar tafiya Abu Faisal ya ce shi zai kai ni tashar motocin Jidda. Shi ya tuƙa, karo na farko da na zauna a gefe na ga garin sosai. Da muka kusa tashar ya rage gudu, ya gyara murya, ya yi min magana da Hausa tsantsa, wadda ban san yana da ita ba.

"Sa'idu, tsohon nan. Da bakinsa ya ce ya sallama?"

"Da bakinsa."

"Ba fushi? Bai yi mana Allah ya isa ba?"

"Addu'a ya yi."

Ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo, ya shafa fuskarsa da hannu biyu har motar ta ɗan karkace. "Alhamdu lillahi. Wallahi tun da kuɗin nan suka shigo ban taɓa su ba. Yanzu na samu natsuwa."

Ya tsaya a bakin tasha, ya fito da kansa ya sauke min jaka, ya rungume ni. Sannan ya duba agogo, ya ciro katin daga aljihu ya rataya a wuya, ya ce in yi haƙuri ba zai jira motar ta cika ba, yau ake taron ƙungiya.